Tarihin Binciken Maƙogwaro da Kogon Hanci

Tun kafin ido ya ga cikin maƙogwaro, kunne ya riga ya auna shi. A Basra, cikin ƙarni na 8, Halilu ɗan Ahmad ya jera haruffan ƙamusunsa bisa mafitarsu, ya faro daga maƙoshi. Almajirinsa Sibawaihi ya kasa maƙoshin uku: ƙarshensa, tsakiyarsa, da bakinsa, sa'an nan ya keɓe wa kogon hanci gunna, watau amon da ke bi ta hanci. Wannan rabo shi ne masu tajawidi ke karantarwa a zaurukanmu.

Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana maƙwallato da guringuntsi uku. Amma sai a 1854 Manuwel Garsiya, malamin waƙa Basifaniye, ya ga tantanin muryarsa na motsi, da madubin likitan haƙori da hasken rana.

Malamin Hausa ya lura: rabon Sibawaihi domin Larabci aka yi shi, bai ɗauke ɓ, ɗ da ƙ ba. Wajen furta ɓ da ɗ maƙwallato kan sauka, wajen ƙ kuwa ya rufe ya hau. Ɗalibi ya ɗora yatsa a wuyansa, zai ji.