Tsatsar Cikin Jiki da Kwaɗon Zogalen Baure

A Baure, kamar sauran garuruwan masarautar Daura, zogale itacen cikin gida ne: a dasa shi a jikin danga, a tafasa ganyensa, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Yau kuma garinsa ya shiga kwalba, ana tallarsa da cewa yana "wanke gubar jiki". Maganar tana da tushe a kimiyya, sai dai tushen ba inda masu talla suka ajiye shi yake ba.

Iskar oksijin da ke raya ɗan Adam ita ce ke sa ƙarfe tsatsa, kuma irin wannan taɓin tana yi wa sinadaran jiki. Shekaru da dama masana na ɗaukar wannan tsatsa a matsayin ɓarna zalla. A 1990 aka fara sauya tunani. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu furotin da aikinsu shi ne su dafe a kan DNA, su buɗe shafin da za a karanta, su bar sauran a rufe. Cory Abate da Tom Curran, a cibiyar binciken Roche da ke New Jersey a Amurka, sun nuna cewa biyu daga cikinsu, Fos da Jun, ba sa iya kama DNA idan tsatsa ta taɓa wani ɗan gurbi guda a jikinsu mai ɗauke da farar wuta. Da an goge tsatsar, sai su koma aiki. A 1992 aka gano mai gogewar, aka sa masa suna Ref-1, sai ga shi ashe tsohon sananne ne, furotin mai gyaran DNA idan ta lalace.

A shekarar 1990 ɗin dai, Gisela Storz da Bruce Ames a Berkeley suka ga akasin haka a jikin bakteriya: furotin OxyR sai tsatsa ta taɓa shi yake farkawa, ya buɗe shafukan kariya. Abin da ke rufe wata ƙofa shi ke buɗe wata. Tsatsa ta tashi daga ɓarna kawai, ta zama saƙo.

Babi na gaba ya fi kusa da gida. A 1994, Paolo Moi da Yuet Wai Kan a San Francisco suna binciken yankin DNA da ke sarrafa ƙera haimogilobin, wato sashen nan da kuskure a cikinsa ke haifar da sikila, cutar da babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da ita. A nan suka ci karo da wani furotin, suka kira shi Nrf2, ba tare da sanin ainihin aikinsa ba. Masayuki Yamamoto da abokansa a Japan ne suka gano cewa shi ke buɗe shafukan da ƙwayar halitta ke kare kanta da su daga guba, sannan a 1999 suka gano mai tsaronsa, Keap1. Shi wannan kullum yana riƙe da Nrf2, yana miƙa shi a rugurguza. Idan wani sinadari mai kaifi ya taɓa farar wutar da ke jikin Keap1, riƙon ya sassauta, Nrf2 ya taru, ya shiga inda DNA take.

A nan zogale ya shigo. Tun 1992 Paul Talalay na Jami'ar Johns Hopkins ya tsamo sinadarin salforafen daga burokoli, kuma a 2002 ɗakin bincikensa ya nuna cewa Keap1 irin waɗannan sinadarai ke taɓawa. Zogale yana da ɗan'uwan wannan sinadari, moringin. Ba wanke guba yake yi da kansa ba. Tsokanar ƙwayar halitta yake yi kaɗan, ita kuma ta ɗaura ɗamara.

Wanda ya ɗauka cewa yawan tsokanar yawan lafiya ne, tarihi ya riga ya ba shi amsa. A 2006 aka gano cewa wasu ƙwayoyin sankarar huhu sun lalata Keap1 nasu, sun bar Nrf2 a sake, suna fakewa da shi daga magani. A 2012 aka dakatar da babban gwajin maganin bardoksolon a kan masu ciwon ƙoda da suga, saboda matsalar zuciya da ta bayyana. Sai a 2023 Amurka ta amince da wani ɗan'uwansa, shi ma don wata cutar jijiya ta gado da ba kasafai ake samunta ba.

Akwai kuma batun tukunya. Moringin ba ya zaune a ganye a shirye. Sai an tauna ko an daka ɗanyen ganye wani sinadarin ke haɗa shi, tafasa kuwa tana kashe mai haɗin. Abin da ya tsira daga tukunyar Baure, bakteriyar hanji ce ke ƙarasa juya wani kaso nasa, kuma kason ya bambanta daga mutum zuwa mutum.