Gidan Tarihin da Masu Kiwon Kaji Suka Gina wa Yayansu

A gabashin Ingila akwai wani lardi da ake kira Lincolnshire. Ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin alkama da dankali iyakar ganin ido, kuma daga gaɓarsa teku ne kawai tsakaninka da Turai. Shi ya sa a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke ce wa Yaƙin Hitila, gwamnatin Birtaniya ta cika lardin da filayen jiragen yaƙi. Ɗaya daga cikinsu shi ne na ƙauyen East Kirkby, wanda ya fara aiki a watan Agustan 1943. Rundunoni biyu suka zauna a nan, ta 57 da ta 630, kuma kafin a gama yaƙin jiragensu ƙirar Lancaster guda 121 sun tashi kai hari ba su dawo ba. Bayan yaƙi sojojin Amurka suka ɗan zauna a filin, suka tashi, wurin ya koma hannun manoma da ciyawa. A yau nan ne Cibiyar Tarihin Jiragen Sama ta Lincolnshire take. Wa da ƙane ne, masu kiwon kaji, Fred da Harold Panton, suka kafa ta da kuɗin aljihunsu saboda yayansu da ya mutu yana ɗan shekara 19.

Yayan nasu, Christopher, injiniyan jirgi ne a Runduna ta 433 ta mayaƙan saman Kanada. Aikinsa sa ido a kan agogunan injina huɗu, da lissafin man da ya rage, da juya shi daga wannan tanki zuwa wancan. A daren 30 ga Maris 1944 jirginsu, ƙirar Halifax, yana cikin jirage 795 da aka tura birnin Nuremberg. Masu tsara harin sun sa rai gajimare zai rufa wa ayarin asiri a hanya. Gajimaren bai zo ba. Wata ya haska sarari fes, sanyin sama ya sa jirage suna jan farin layi a bayansu, ga shi an zana musu doguwar hanya miƙaƙƙiya wadda ta bi ta daidai inda jiragen farautar Jamus ke taruwa. Wasu daga cikin jiragen na Jamus an ɗora musu bindigogi masu kallon sama. Sai su saɗaɗo ta ƙarƙashi, inda ba wanda ke ganinsu, su buɗe wuta cikin fiffike, wurin tankunan mai. Kafin gari ya waye an rasa jirage 95, mutum 545 sun mutu. Rundunar jiragen jefa bama-bamai ta Birtaniya ba ta taɓa yin asara irin ta wannan dare ba, ba ta kuma sake ba. An harbo jirgin su Christopher a kusa da Bamberg, ko Nuremberg ɗin ba su kai ba. Lokacin Fred yana ɗan shekara 13, Harold kuwa 11.

Abin da ya biyo baya shiru ne, a ƙasar baki ɗaya da kuma cikin gidan.

Mutum wajen 125,000 suka yi aiki a cikin jiragen wannan runduna tsawon yaƙin, 55,573 suka mutu. Wato a kowane mutum 100, wajen 44 ba su koma gida ba. Da kansu suka kawo kansu wannan aiki, kuma matsakaicin shekarunsu 22. Ban da 'yan Birtaniya akwai na Kanada da Ostareliya da Folan da tsibiran Karebiyan, har da Afirka ta Yamma: Akin Shenbanjo, ɗan Najeriya, shi ne mai rediyo a wani jirgin Halifax na Runduna ta 76, ya kuma sami lambar yabo ta jarumtaka. Amma da aka ci yaƙi, Firayim Minista Cocil ya yi jawabin nasara yana jero waɗanda suka yi ƙoƙari, ya tsallake aikin waɗannan samari. Ba a buga musu lambar tunawa ta kansu ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watan Yulin 1943 wutar bama-bamai ta cinye Hamburg da mutum wajen 40,000. A Fabrairun 1945 Dresden ta ƙone da wajen 25,000, akasarinsu fararen hula, mata da yara da tsofaffi. Manyan da suka ba da umarni suka ga abin ya zama abin kunya, sai suka zame. Ni a ganina wannan zamewa zalunci ne ta fuska biyu. An ƙi tsayawa a amsa tambayar waɗanda aka ƙona a ƙasa, an kuma bar nauyin a wuyan yaran da ba su ne suka zaɓi garin da za a kai wa hari ba. Sai a watan Yunin 2012 Sarauniya Elizabet ta buɗe musu wurin tunawa a Landan, lokacin yawancin waɗanda suka tsira ƙasa ta riga ta rufe musu ido.

A gidan su Panton kuwa, mahaifinsu ya ɗauki mutuwar da zafi har ya hana 'ya'yansa taka ƙasar Jamus. Kusan shekara 30 ba wanda ya ga kabarin Christopher. Sai a farkon shekarun 1970 tsohon ya sauko, ya ce wa Fred ya je ya ɗauko masa hoto. Fred ya tafi maƙabartar sojoji ta Durnbach, kudu da Munich, ya ɗauko hoton, ya dawo da ƙudurin cewa sai sun yi wa yayansu wani abu da ya fi hoto.

Abin da ya fi dacewa shi ne jirgin Halifax, irin wanda Christopher ya mutu a ciki. To amma cikin Halifax sama da 6,000 da aka ƙera, waɗanda suka tsira daga yaƙin kusan duk an narkar da su, babu cikakke ko ɗaya da za a saya. Sai ga labarin wani Lancaster da za a yi gwanjonsa a Blackpool a 1972.

Wannan jirgi, mai lamba NX611, bai taɓa jefa bam a Jamus ba. Kamfanin motoci na Austin ne ya ƙera shi a Longbridge, kusa da Birmingham, a watan Afrilun 1945, da nufin a tura shi yaƙi da Japan. Japan ta miƙa wuya kafin ya tafi, aka jibge shi a ma'ajiya. A 1952 sojojin ruwan Faransa suka saye shi, ya yi musu sintirin teku daga Faransa da Maroko, daga baya aka kai shi can Nouméa, cikin tekun Pasifik. A 1964 Faransawa suka ba da shi kyauta ga wata ƙungiyar masu sha'awar tsofaffin jirage ta Ingila. Aka yi masa gyara a Sidni, ya keto duniya tafiyar mil 12,000, ya sauka Biggin Hill ranar 13 ga Mayun 1965. Sha'awa dai akwai ta, kuɗi ne babu. Jirgi mai injina huɗu ba ya ciyuwa da karo-karon 'yan ƙungiya. Ya yi tashinsa na ƙarshe a watan Yunin 1970, zuwa Blackpool, ya zauna a waje iskar teku mai gishiri tana cin jikinsa.

Fred bai sami jirgin a wancan karo ba. Wani basarake, Lord Lilford, ya saye shi, ya ba rundunar sama aro, aka girke shi a ƙofar sansanin Scampton ya zama ado. Da wani ne, da ya haƙura daga nan. Su Panton suka ci gaba da kiwon kajinsu, ido a kan jirgin. A 1981 suka sayi wani ɓangare na tsohon filin East Kirkby, har da hasumiyar kula da jirage ta zamanin yaƙi, wadda ta lalace. A watan Satumbar 1983 suka sayi jirgin. Ya ƙara 'yan shekaru a Scampton, sannan a 1987 aka kwance shi gunduwa-gunduwa aka kawo shi a manyan motoci. A 1988 suka buɗe ƙofa ga jama'a. Suka sa masa suna Just Jane, sunan wata 'yar zanen barkwanci ta jaridar Daily Mirror da sojoji ke so a lokacin yaƙi, suka rubuta masa haruffan Runduna ta 57 a gefe ɗaya, na ta 630 a ɗaya gefen.

Da sun tsaya nan, da sun sami gidan tarihi irin na kowa, inda ake kallon kaya a bayan igiya. Shawarar da ta bambanta wurin ita ce ta tayar da injinan. Injinan Merlin na kamfanin Rolls-Royce, kowanne mai silinda 12, sun yi sama da shekara 20 ba su motsa ba. Suka ɗauko tsofaffin makanikan rundunar sama, aka shafe awa sama da 700 a kan inji guda, ya tashi a 1994. A 1995 duka huɗun suna ruri, jirgin yana tafiya da ƙafarsa a kan ciyawa. Wanda ya tsaya kusa zai ga farfela ta fara juyawa a kasale, injin ya yi tari, ya tofar da hayaƙi, sannan ya kama. Kafin na huɗu ya shigo, ƙarar ta daina zama ta kunne kawai, a ƙirji ake jin ta. Wannan ƙara ce mutanen ƙauyukan lardin suka riƙa ji a lokacin yaƙi da magariba, sannan da asuba su kasa kunne suna ƙirga masu dawowa. Tsofaffin da suka yi aikin sun riƙa zuwa da 'ya'ya da jikoki don su sake jin ta.

Daga nan aka fara ɗaukar baƙi a cikin jirgin ana zagaya filin da su, kuma wannan kuɗi ne ƙashin bayan cibiyar. Darasin da ke cikin wannan shiga ya fi na kowane allo da aka rataye a bango. Cikin Lancaster bai fi siririn lungu ba. A tsakiya akwai ƙaton ƙarfen da ke riƙe fikafikai, ya gitta hanya, sai mutum ya haura shi da hannu da gwiwa ko da rana tsaka, jirgi na tsaye. Mutum bakwai ke ciki: matuƙi, injiniya, mai duba hanya, mai jefa bam, mai rediyo, da 'yan bindiga biyu. Na can wutsiya yana zaune shi kaɗai cikin ƙwaryar gilashi, cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, wurin ya yi masa ƙunci har lemarsa ta tsira a waje take rataye, bayan ƙofa. Ƙofar gudu ta gaba kuwa ƙarama ce ga mai kaya masu kauri. Shi ya sa idan aka harbo Lancaster, wajen mutum 15 kawai cikin 100 ke fita da rai.

A hankali wurin ya yi ta faɗaɗa. Aka gyara hasumiyar aka mayar da ita yadda take a daren hari, da taswirori da allon sunayen jirage. Aka keɓe ɗakin ibada inda aka rubuta sunayen mutum 848 na rundunonin biyu da suka mutu. Aka tara tarkacen jiragen da aka tono daga gonakin lardin. A 2017 wani jirgin Mosquito, wanda mai shi ya shafe shekaru yana harhaɗawa daga ɓaraguzai, ya koma East Kirkby da zama.

Fred ya rasu a watan Yunin 2013, yana da shekara 82, bai ga abin da ya faru a shekara mai zuwa ba. Daga cikin Lancaster 7,377 da aka ƙera, biyu kawai ke iya tashi a duniya: ɗaya na rundunar sama a Coningsby, ba nisa da East Kirkby, ɗaya a Hamilton ta Kanada. A 2014 na Kanada ya ƙetaro Atlantika, kuma a watan Satumba su biyun suka yi shawagi a kan filin yayin da Just Jane ke ruri a ƙasa. Injinan Merlin 12 a wuri ɗaya, abin da aka yi shekaru masu yawa ba a ji ba.

Yanzu jikokin gidan ke riƙe da cibiyar, Andrew Panton ne ma ke tuƙa jirgin a ƙasa, kuma sun ɗauki aikin da ya fi duk na baya nauyi: mayar da Just Jane sama. Wahalar ita ce jirgin shi ke ciyar da kansa. Idan aka kwance shi gaba ɗaya na shekaru, kuɗin baƙi ya tsaya, aikin ma ya tsaya. Dabarar da suka yi ita ce raba shekara biyu. Da sanyi ya shigo sai a kwance wani sashe, a kankare fenti, a bi ƙarfen ana neman tsatsa, a cire tsofaffin ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya a buga sababbi. Da bazara ta zo a mayar da shi ya ci gaba da ɗaukar mutane. Inda sashe zai daɗe a hannun makanikai, sai a ɗaura masa na aro daga wani Lancaster da ba ya tashi. Haka suka yi da gangar jikinsa ta baya, haka suka aro fiffike daga wata ƙungiya a Faransa mai gyara ɗan'uwansa da suka yi aikin sojan ruwa tare. Masu sha'awa daga ƙasashe da dama suna biyan ɗan abin da ya sawwaƙa kowane wata ta wata ƙungiya da aka sa wa sunan ƙusa, kuma gwargwadon abin da ya shigo, gwargwadon yadda aikin ke tafiya.