Aikin Karɓa-karɓa da Ƙiba

Aikin karɓa-karɓa tsari ne da ma'aikata ke karɓar juna dare da rana, kamar ma'aikatan jinya da masu gadi. Mai aikin dare yakan ci abinci a lokacin da jiki ya saba hutawa, alhali sinadarin insulin ba ya sarrafa sukari da dare kamar da rana. Ƙarancin barci kuma yana ƙara sinadarin da ke tayar da yunwa, sai kwaɗayin zaƙi da soye-soye ya ƙaru, ga gajiya mai hana motsa jiki. Wani binciken Amurka na 2011 kan mata ma'aikatan jinya ya danganta daɗewa a aikin dare da ƙiba da ciwon sukari.