Wa Ya Riƙe Gidan Sojan Bama?

Ya mai karatu, yau zan ɗan ajiye labarin soyayya da na kishiyoyi a gefe, in taɓo wani tarihi da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Lokacin da muke yara akwai wani tsoho a layinmu da kowa ke kira Baba Soja. Da la'asar sakaliya yakan zauna a dakalin ƙofar gidansa, mu kewaye shi, yana ba mu labarin ƙasar Bama: dajin da rana ba ta ratsa shi, da ruwan sama na wata da watanni, da matsattsaku masu shan jinin mutum ta cikin takalmi. Wata rana na dawo gida ina ta zuba wa kakata abin da na jiyo, sai ta katse ni. Ta ce kowa tambayar tsohon nan yake yi yadda ya yi yaƙi, amma ba ta taɓa jin wanda ya tambayi matarsa yadda ta ci tuwo shekara uku da baya nan ba. A lokacin ban gane nufinta ba. Sai da na girma na soma bin littattafan tarihi sannan na ga nauyin maganar.

Bari mu faro daga tushe. Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila, an soma shi a 1939 aka gama a 1945. Turawan Ingila sun ɗebi 'yan Nijeriya fiye da 100,000 aikin soja a tsawon yaƙin, kuma 'yan Arewa na da yawa a ciki, domin tun asali Hausa ce yaren bariki. Da farko an kai su Gabashin Afirka, inda suka kara da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Daga baya aka haɗa su da sojojin Gana da Saliyo da Gambiya aka kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943 da 1944, daga can kuma sai Bama, wato ƙasar da yau ake kira Myanmar, domin su yaƙi Japan. Runduna ta 81 ta yi yaƙinta ne a kwarin kogin Kaladan, wurin da babu hanyar mota, sai dai a jefo musu abinci daga jirgin sama su ɗauka a ka. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. Akasarinsu ba su sake ganin gida ba sai a 1946.

To, a nan gida fa? Babu shakka an yi karo-karo, kuma ba kaɗan ba. Tun daga 1940, da Jamus ta matsa wa Ingila da ruwan bama-bamai, aka buɗe asusun taimakon yaƙi a Nijeriya. Sarakuna sun bayar, baitulmalin En'e-En'e sun bayar, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa kowa ya sa abin da ya samu, wani don Allah, wani don tsoron Di'o. A wancan zamani an yanka cewa duk garin da ya tara fam 5,000 za a rubuta sunansa a jikin jirgin yaƙi samfurin Spitfire. Abin da Nijeriya ta tara ya kai har aka laƙaba wa runduna ta 91 ta mayaƙan saman Ingila sunan Nijeriya. Bayan kuɗi, talaka ya ba da ƙarfinsa: an matsa masa ya noma gyaɗa, kuma daga 1942 zuwa 1944 an yi ta kwasar mutane aikin dole a haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama.

An kuma tuna da shi kansa sojan. Akwai gudunmawar da ake tarawa don aika wa na bakin daga 'yan kayan jin daɗi irin su taba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta, ta zama gada tsakanin gida da daji, tana kai wa mutanen gari labarin yaƙi da harshensu. Haka nan Sarkin Katsina Usman Nagogo, bayan ya hau gadon sarauta a 1944, ya yi tattaki har Indiya da Bama ya gaishe da sojoji. Ka ƙiyasta yadda talaka ɗan Katsina zai ji, yana tsakiyar dajin da ko sunansa bai iya faɗa daidai ba, ya ɗaga kai ya ga rawanin sarkinsa.

Amma dubi inda wannan alheri duk ya dosa. Kuɗi sun tafi sayen jirgi, taba da gaisuwa sun tafi bakin daga. Saura matar da aka bari da goyo.

Su Turawan sun daɗe da sanin wannan matsala a ƙasarsu. A watan Fabrairu na 1885, bayan mutanen Mahadi sun ci Hartum, Ingila ta sake tura sojoji Sudan. Sai wani hafsa mai suna Manjo James Gildea ya rubuta wasiƙa a jaridar The Times yana roƙon jama'a su ba da kuɗi da lokacinsu don kula da mata da 'ya'yan da aka bari a baya. Daga wannan wasiƙa aka kafa ƙungiyar da yau ake kira SSAFA, wadda har yanzu tana aiki. Hikimarta ita ce ta samu masu aikin sa-kai gari-gari, waɗanda za su taka har gidan matar soja su ga halin da take ciki. Wato shekara hamsin da 'yan kai kafin Yaƙin Hitila, matar sojan Ingila tana da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Matar sojan Arewa kuwa abin da hukuma ta tanadar mata shi ne ɗan abin da ake yankowa daga albashin miji. Shi kuma albashin kurtu bai wuce sule guda da 'yan kwabbai a rana ba. Kafin wannan kuɗi ya ratso teku, ya bi ta ofis-ofis, ya iso hannun matar da ba ta karatun boko a ƙauyen da ke da nisan kwana biyu daga garin Di'o, wata nawa ke nan? Ga shi kuma yaƙi ya jawo tsadar kaya, gishiri da kananzir da yadi duk sun yi wuya. Masanan da suka bi wasiƙun sojojin Afirka na wancan yaƙi sun tarar cewa abin da ya fi damun su, bayan harsashi, shi ne gida: ko kuɗin ya isa, ko gona tana nan, ko matar tana nan.

Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta wasa ba ce. A shari'ar da alƙalanmu ke bi, matar da mijinta ya yi nisa ya bar ta ba ci ba sha tana da damar kai ƙara a raba auren, kuma ba wanda zai ga laifinta. Saboda haka duk wanda ya kai mata damin gero, aure ya riƙe. Kakata ta lissafa mini waɗanda suka riƙe na Baba Soja. Wansa shi ya haɗa gonarsa da tasa yana nomawa, da damina kuma samarin unguwa suka yi masa gayya. Matan gidajen da ke kewaye su ke zuba mata tuwo idan dare ya yi ba a ga hayaƙi daga madafinta ba. Ita kuma ba ta zauna ba, ta kama kaɗi da dakau, ta shiga adashi, matan suka ba ta kwasar farko. Malamin makarantar allo ya ci gaba da karantar da ɗansu ba tare da kuɗin laraba ba. Idan wasiƙa ta zo, akwai wani ɗan elemantare da ke karanta mata ya kuma rubuta amsa. Da ɗan ya yi ƙyanda, maƙwabciya ce ta kwana bakwai tare da ita. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardar gwamnati ba, ba a kuma sa sunan kowa a jikin jirgi ba.

Abin mamaki, irin wannan alheri na talaka ya samu sojojinmu har a can Bama. Isaac Fadoyebo Bayarabe ne daga wajen Owo, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, yana aikin jinya. A watan Maris na 1944 Japan suka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a bakin Kaladan, harsashi ya farfasa masa ƙafa, aka bar shi a matsayin gawa. Musulmin ƙauyen, waɗanda yau ake kira Rohingya, su suka riƙa kai masa shinkafa da ruwa a ɓoye, shi da wani ɗan Saliyo mai suna David Kargbo. Daga baya wani manomi, Shuyiman, ya ɓoye su a gidansa, alhali ya san idan Japan suka gane kashe shi za su yi. Wata tara suka yi kafin a cece su. A 2011 wani ɗan jarida na Ingila, Barnaby Phillips, ya nemo iyalan Shuyiman ya kai musu wasiƙar godiya daga Fadoyebo, wanda ya rasu a 2012.

Da aka gama yaƙi aka sallami mutane, kuɗin sallamar baƙar fata bai kai na Bature ba, kuma aikin da da yawa suka sa rai da shi bai samu ba. A Gana, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano don kai kukansu ga Gwamna, aka harbe uku daga cikinsu. A wajenmu yawanci ƙauye suka koma, kuma wanda ya tarar da gidansa a tsaye, dangi da maƙwabta zai gode wa.

Me ya sa na tono wannan yanzu? Saboda akwai wata Bamar, ta jihar Borno, wadda 'yan Boko Haram suka kama a 2014, sojoji suka ƙwato ta a 2015. Tun 2009 ake tura 'ya'yanmu Arewa maso Gabas, daga baya kuma dazukan Zamfara da Katsina. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya, manya su ajiye furanni, a sayi alama a maƙala a ƙirji, a tara kuɗi. Abu ne mai kyau. Sai dai matar sojan yau ta fi ta zamanin kakata zama cikin kaɗaici, domin sau da yawa a bariki take ko a ɗakin haya, a garin da ba ta da kowa, babu wan miji kusa, babu gayya. Ɗakin bariki kuma na aiki ne, idan miji ya faɗi wata rana za a buƙace shi.

Mu marubuta mun cika kasuwa da labarin kyakkyawan kyaftin da budurwarsa, amma da wuya ka ga wanda ya rubuta labarin matar kofur da kuɗin makaranta ya zo mata miji na daji. Ni ma ina cikin masu wannan laifi. Kai kuma mai karatu, idan akwai irinta a layinku, ba sai ka jira an kafa ƙungiya ba. Tura maiɗakinka ta leƙa ta, ku ji ko an ɗora tukunya. Zumunta a ƙafa take.

Allah Ya jiƙan mazan jiya da matan da suka jira su, Ya dawo mana da na daji lafiya. Amin.