Labarin Micki King, Gwanar Tsalle Cikin Ruwa

A ƙasashen Turawa akwai wani wasa da a kan yi a tafkin iyo. Mutum ya kan hau wani katako mai lanƙwasa, mita 3 bisa ruwa, ya daka tsalle, ya yi alkafura a sama, sa'an nan ya tsunduma. Alƙalai suna gefe suna ba da maki. Cikin gwanayen wannan wasa akwai wata Ba'amurkiya, sunanta Micki King.

An haife ta a garin Pontiac, cikin Jihar Michigan, a shekara ta 1944. Sa'ad da ta shiga Jami'ar Michigan a 1962, sai ta tarar 'yan wasan da ke wakiltar makarantar duk maza ne. Mai koyar da mazan, Dick Kimball, shi ya ga gwanintarta, ya yarda ya koya mata. Da ta ƙare karatu a 1966, sai ta shiga sojan sama.

A wasannin Olamfik na birnin Meziko, a 1968, ita ce kan gaba, saura tsalle biyu cikin goma. A na tara hannunta na hagu ya bugi katako, ya karye. Duk da haka ta daure, ta hau ta yi na goma, amma ta koma ta huɗu, ba ta sami lamba ba. Bayan shekara huɗu, a watan Agusta na 1972, ta tafi birnin Munik na Jamus, ta ciwo lambar zinariya.

To, wata biyu kafin wannan nasara, ran 23 ga Yuni, Shugaba Nixon ya sa hannu a kan wata doka da a ke kira Title IX. Dokar ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a fagen wasa. Amma kafa doka daban, bin ta daban. Don haka a 1974 Billie Jean King, gwanar tanis, ta kafa ƙungiyar Women's Sports Foundation don taimakon mata 'yan wasa, Micki kuwa tana cikin waɗanda aka fara da su. Sunansu ne ɗaya, ba dangi ba ne.

Tun 1973 ta zama mai koyar da wannan wasa a makarantar hafsoshin sojan sama da ke Kolorado, lokacin ɗaliban duk maza ne. Ɗaya cikinsu ya zo na fari a gasar jami'o'in ƙasar a 1974. Ta bar soja a 1992 tana da muƙamin kanar, ta koma Jami'ar Kentaki cikin masu kula da wasanni.

Ita da alfarmar mutum ɗaya ta sami hawa katako. 'Yan matan da suka biyo bayanta kuwa, hakkinsu ne a doka.