Sayen Kwale-kwalen Roba a Deira Don Kamun Kifi a Gida

Dubai ba ta da kogi, ruwan mashigin Deira na gishiri ne, don haka kogin Kaduna na yi wa tanadi da na sayi kwale-kwalen roba da ake hura wa iska.

Iri biyu na tarar: na PVC mai araha, da na Hypalon mai tsada, wanda ya fi jure rana. Na biyun na ɗauka.

A nemi mai ɓangarorin iska uku, domin in ƙugiya ko ƙayar ƙurungu ta huda ɗaya, sauran su riƙe mutum. A hura shi ya kwana kafin a miƙa wa 'yan kago na Naif. Kada yaro ya hau ba rigar hana nutsewa. Allah Ya kiyaye.