Hanyoyin Jirgi Uku a Kan Dutse Ɗaya: Tarihin Hawan Lapstone

A ƙasar Ostireliya akwai wata al'ada ta mutanen birni, su haɗa ƙungiya ran hutu, su ɗauki guzuri, su shiga daji a ƙasa. Ɗaya daga cikin wuraren da mutanen Sidni suka saba zuwa shi ne Lapstone, kimanin mil 40 yamma da birnin, inda fili ya ƙare, duwatsun da ake kira Blue Mountains suka soma. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa turbar da suke bi a nan littafin tarihi ce, wanda ya taka ta da lura zai karanta abin da ya auku tsakanin gwamnati mai tsimin kuɗi da dutse mai wuyar hawa.

Matafiya sukan sauka daga jirgi a tashar Glenbrook, su ratsa unguwa ta tsakanin gidaje, har titi ya ƙare a bakin daji. Daga nan sai su ga turba mai faɗi, an sare dutse dama da hagu an fid da ita, tana gangarawa a hankali ba tudu ba kwari. Ba makiyaya suka fasa ta ba. Gadon hanyar dogo ce, an kwashe ƙarafan.

Ga asalinta. Ƙabilun Darug da Gundungurra sun daɗe suna zaune a duwatsun nan tun kafin zuwan Turawa. Turawa kuwa ba su ƙetare su ba sai cikin 1813. Da aka tashi kai jirgin ƙasa yamma, aikin ya faɗa hannun John Whitton, babban injiniyan reluwe na New South Wales. Hanya mafi kyau ita ce a huda dutsen, amma kuɗin da gwamnati ta ba shi bai kai ba, har ma akwai manya masu cewa a shimfiɗa dogo mai araha dawaki su riƙa jan taragai. Sai Whitton ya yi dabara, ya tsara hanyar kamar harafin Z. Jirgi ya hau gaba har dogo ya ƙare, a juya masa hanya, ya hau da baya, a sake juyawa, sa'an nan ya miƙe. Aka buɗe ta cikin 1867. Tsananin hawanta, kowace ƙafa 30 zuwa 33 da jirgi ya yi gaba, ya ɗaga sama ƙafa ɗaya.

A kan wannan hanya ce aka gina kadarkon Knapsack, wanda shi ne abin kallo mafi girma a tafiyar duka. Da sassaƙaƙƙen dutse aka yi shi, bakansa bakwai, tsawonsa ƙafa 388, tsayinsa daga gindin kwazazzabo ya haura ƙafa 120. Kafin a gangara wurinsa akan wuce wani guntun dakali cikin itatuwa. Shi ne sauran tashar Lucasville, wadda aka yi saboda John Lucas, wani minista mai gidan hutu a wurin. Dakalin nan shaida ne cewa tun a zamanin nan mai iko yakan jawo aikin jama'a zuwa ƙofar gidansa.

To, araha ba ta daɗe ba ta nuna aibinta. Jirgi ba shi da halin ya fi tsawon guntun dogon da zai tsaya a kai kafin ya juya, saboda haka da kaya suka yawaita sai hanyar ta zama maƙogwaro. Aka koma ga abin da aka ƙi da fari, aka huda dutsen, aka buɗe ramin cikin 1892. Mai zanen nan Arthur Streeton ya ga aikin cikin 1891, ya kuma zana ranar da nakiya ta kashe wani lebura a bakin ramin. Amma shi ma ramin bai biya bukata ba, gama dogo ɗaya ne a ciki, ga hawa, ga lanƙwasa, hayaƙi kuwa yana shaƙe direbobi da fasinja. Cikin 1913 aka buɗe hanya ta uku mai dogo biyu, wadda ta kewaya ta kwazazzabon Glenbrook. Ita ce jirgi ke bi har yanzu. Watau cikin shekara 46 an biya kuɗin hawan dutse ɗaya sau uku.

Abin da jirgi ya bari bai zauna banza ba. Ramin, an noma naman kaza a cikinsa, kana lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojan sama suka ɓoye makamai masu guba a ciki. Kadarkon kuwa aka mai da shi hanyar mota cikin 1926, ya ɗauki motoci har 1993, sa'ad da aka yi sabuwar hanya aka bar shi ga masu tafiya a ƙasa.

Su kansu matafiyan suna da nasu tarihi. Myles Dunphy da abokansa suka kafa ƙungiyar Mountain Trails Club cikin 1914, cikin 1927 kuma aka kafa Sydney Bush Walkers, wadda ta karɓi mata da maza. Cikin 1931 waɗansunsu suka tarar ana shirin sare wani kurmi mai suna Blue Gum Forest a can cikin duwatsun, suka tara fam 130 suka fanshe shi, gwamnati ta keɓe shi cikin 1932. Irin wannan himma ce ta kai ga kafa gandun Blue Mountains cikin 1959. Abin lura a nan shi ne, jirgi ne ya fara kai mutanen birni bakin daji, su kuma da suka saba da wurin suka tsaya masa. Abin da ƙafa ke takawa kullum ba ya ɓacewa da sauƙi.

Malamanmu ba sai sun je Ostireliya ba kafin su ga irin wannan. Turawan mulki sun yi wannan tsimi a ƙasarmu, sa'ad da suka shimfiɗa ƙaramin dogo mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 daga Zariya zuwa ƙasar kuza. Ya bi ta Soba, da Dutsen Wai, da Rahama, da Jengre, ya isa Bukuru cikin 1914. Da babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan cikin 1927 sai ƙaramin ya soma ja da baya, aka rufe shi cikin 1957. Waɗanda suka hau shi suna yara yanzu sun tsufa ƙwarai. Ya kamata malamin tarihi ya kwashi ɗalibansa su bi mil biyu ko uku na gadon hanyar nan, su auna abin da suka tarar, su rubuta sunan kowane wuri yadda mutanen garin ke faɗinsa, su kuma zauna gaban dattawa su ji labarin leburorin da suka yi aikin. Takardun gwamnati sun ajiye lissafin kuɗi da sunayen injiniyoyi, amma labarin leburori yana bakin dattawan nan ne, in ba a rubuta shi yanzu ba zai tafi tare da su.